Yadda za ka riƙa neman aiki kana karɓar kuɗin rashin aiki a Amurka ba tare da an datse maka ba

'Yan'uwa da yawa da ke zaune a Amurka idan aiki ya ƙare musu suka cike fom ɗin kuɗin rashin aiki, da zarar takarda ta zo cewa an amince sai su saki jiki, a ganinsu shi kenan magana ta ƙare kuɗi zai yi ta shigowa har a samu wani aikin. To ba haka abin yake ba ɗan'uwa. Amincewar nan ta farko ƙofa kawai aka buɗe maka, kuɗin kansa sati-sati ake cancantarsa, kowane sati sai ka sake nuna cewa ka cika sharuɗɗa, kuma babban sharaɗin da ya fi kayar da mutane shi ne na neman aiki. Ba wai mutane ba sa nema ba ne, wallahi suna nema, wani ma har takalminsa ya cinye, matsalar ita ce ba sa rubutawa, ranar da aka ce su kawo shaida sai a ga babu komai a hannu. Ni ma ya taɓa cin ni, shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Kafin mu yi nisa bari in cire maka wani nauyi daga zuciya, don na san akwai masu jin kunyar karɓar kuɗin nan kamar bara suke yi. Ba sadaka ba ce. Inshora ce, tun 1935 aka kafa ta zamanin shugaba Roosevelt, kuma harajin da kamfanoni ke biya a kan ma'aikatansu ne ake tarawa a biya da shi, wato duk watannin da ka yi kana tashi da asuba kana zuwa aiki ana zuba wani abu saboda irin wannan rana. Hukumar shige da fice ta USCIS ma ta bayyana cewa wannan haƙƙi ne da mutum ya samu da guminsa, ba ta sa shi a jerin tallafin da ke sa a ɗauki mutum a matsayin kaya a wuyan gwamnati. Don haka ka karɓa kanka a ɗage, amma ka san dokarsa.

Abin da ke rikita mutane shi ne kowace jiha da nata tsarin. Gwamnatin tarayya ta shimfiɗa ginshiƙi ne kawai, jiha ita ke yanke nawa za a ba ka, sati nawa, da abin da za ka yi kafin a ba ka. Yawancin jihohi sati 26 suke bayarwa, amma Filorida idan rashin aiki bai yi yawa a jihar ba sati 12 ne kacal, kuma mafi yawan abin da za ta ba ka dala 275 ne a sati, Kalifoniya kuwa ƙololuwarta dala 450. Saboda haka idan abokinka da ke wata jiha ya ce maka ai shi kaza yake yi kuma ba a taɓa tambayarsa komai ba, ka saurare shi don zumunci amma kar ka gina komai a kan maganarsa. Haka nan wanda ya karɓa lokacin korona, shekarar 2020 da aka riƙa ƙara dala 600 a sati kuma yawancin jihohi suka ɗage sharaɗin neman aiki na ɗan lokaci, shawararsa ta tsufa, tun 2021 aka dawo da sharaɗin, wasu jihohin ma sun ƙara tsaurara shi fiye da da.

Ginshiƙin da kowace jiha ke kai abu uku ne, dokar tarayya ta 2012 ce ta wajabta su a fili: kana da lafiyar yin aiki, kana shirye ka fara aiki idan an kira ka, kuma kana neman aikin da gaske. Duk tambayoyin da za a yi ta yi maka kowane sati, idan ka duba da kyau, a kan ukun nan suke zagayawa.

To abu na farko da za ka yi, tun ranar da ka cike fom ba sai kuɗi ya fara shigowa ba, ka nemo ɗan littafin bayani da hukumar da ke biyan kuɗin rashin aiki a jiharka ke bayarwa, wasu suna aikowa a gidan waya wasu yana shafinsu na intanet, ka nemi wurin da aka yi maganar neman aiki ka ga adadin da ake so a sati. A Niyu Yok uku ne kuma dole su kasance a ranaku uku daban-daban, ba ka zauna ranar Asabar da dare ka tura uku a jere ba. A Jojiya uku ne, a Ohayo biyu, a Ayowa huɗu, a Filorida biyar sai dai in kana ƙaramar gunduma ne uku. A Merilan uku ne amma dole aƙalla ɗaya ya zama tuntuɓar mai ɗaukar aiki kai tsaye. A Teksas adadin ya danganta da gundumar da kake, suna rubuta maka naka a wasiƙa. Kalifoniya ba ta yanke lamba ba, cewa take ka yi ƙoƙarin da ya dace, kuma kar wannan ya ruɗe ka, rashin lamba ba ya nufin rashin tambaya. Dokokin nan suna canzawa, don haka lambar da ke kan takardarka ita ce alƙali. Ka rubuta ta da babban baƙi ka manna a jikin firij. Sannan ka lura da yadda satinsu yake, a yawancin jihohi daga Lahadi ne zuwa Asabar, abin da ka yi ranar Lahadi na sabon sati ne, ba zai cike maka giɓin wanda ya wuce ba.

Na biyu, rajista a shafin neman aiki na jiha. Wannan daban yake da fom ɗin neman kuɗi kuma mutane da yawa suna mantawa da shi saboda sun ɗauka abu ɗaya ne. A Teksas WorkInTexas ne kuma cikin kwana uku na aiki bayan ka cike fom ake so ka yi, a Kalifoniya CalJOBS ne cikin kwana 21 bayan sun aiko da takardar umarni, a Ohayo OhioMeansJobs. Ka buɗe asusu ka ɗora CV ɗinka ka cike komai har ƙarshe, don rajistar da aka bari rabi wani lokaci kamar ba a yi ba ce a wurinsu.

Yanzu me ake ƙirgawa a matsayin neman aiki? Wanda babu jayayya a kansa ko'ina shi ne tura takardar neman aiki ga kamfanin da ke ɗaukar ma'aikata, ta intanet ko ka je da ƙafarka, da zuwa intabiyu. Bayan wannan jihohi da yawa suna karɓar zuwa taron baje kolin ayyuka, yin rajista da kamfanonin da ke samar wa mutane aikin wucin gadi, halartar bita a cibiyar samar da aiki ta gwamnati, zama jarabawar shiga aikin gwamnati, wasu har da gyara CV tare da jami'in cibiya. Cibiyoyin nan da ake kira American Job Center sun fi 2,000 a faɗin ƙasar, kyauta ne, akwai kwamfuta da firinta da intanet, kuma abin da na fi so game da su shi ne duk abin da ka yi a can yana shiga kwamfutarsu, shaida ce da ba sai ka wahala wajen kare ta ba. Abin da galibi ba ya shiga lissafi kuwa shi ne ka kwanta kana ta jan allo a Indeed ko LinkedIn kana kallon tallan aiki ba ka tura komai ba, ko ka yi ta kiran kamfani ɗaya kowane sati alhali sun riga sun ce maka babu gurbi, ko ka riƙa tura takarda wurin aikin da kai da kanka ka san ba ka da takardunsa, kamar direban babbar mota ya nemi aikin likita don dai lamba ta cika. Masu duba takardun nan aikinsu ke nan kullum, sun san irin wannan tun daga nesa, kuma baya ga haka kanka kake cuta, don satin da ka ƙona a kan neman bogi ya fita daga cikin 'yan satittikan da kake da su kuma ba zai dawo ba.

Sai mu zo kan rubutu, nan ne zan daɗe don nan ne komai yake.

Ni dai littafi na saya, irin na 'yan makaranta mai waya a gefe, na ja layi da biro na raba kowane shafi, shafi ɗaya sati ɗaya, a sama na rubuta ranar Lahadin da satin ya fara da Asabar ɗin da ya ƙare. Duk abin da na yi sai in rubuta kwanan wata, sunan kamfani cikakke ba a gajarce ba, adireshinsu ko shafinsu na intanet, lambar waya, sunan wanda na yi magana da shi in akwai, wane aiki na nema, ta wace hanya, da kuma abin da ya biyo baya, ko da abin da ya biyo bayan shiru ne sai in rubuta ba amsa. Idan ta intanet na tura, kafin in rufe shafin sai in ɗauki hoton allon da ke nuna an karɓa, imel ɗin tabbatarwa kuma na buɗe masa jaka ta musamman a akwatin imel ɗina, duk wanda ya shigo in jefa shi can. Idan da ƙafa na je wuri, ina fitowa tun a cikin mota ko a tashar bas nake rubutawa, in akwai katin manaja in karɓa in maƙale shi a shafin da abin maƙala takarda. Wasu jihohin suna da wurin shigar da wannan a intanet, kamar JobZone a Niyu Yok, wasu ma dole ne ka shigar kowane sati kafin a sakar maka kuɗi, to ka shigar, amma duk da haka ka riƙe naka kwafin a gida.

Dokar da na kafa wa kaina ita ce a ranar da aka yi abu a ranar za a rubuta shi. Ba gobe ba, ba ƙarshen sati ba. Kuma ba haka kawai na kafa ta ba. Satittikan farko bayan an rage mu daga siton da nake aiki ban rubuta komai ba, ina ta tura takardu ta waya, wasu da tsakar dare, ina ce wa kaina ai duk suna cikin imel, sai ga wasiƙa ana so in kawo bayanin neman aikin da na yi na wasu sati biyu da suka wuce kusan wata biyu baya. Na zauna a teburin kicin har dare ya raba ina tono imel, sati ɗaya na haɗa shi tsaf, ɗayan kuwa wurare biyu da ƙafa na je, na tuna titin, na tuna matar da ta karɓi takardata tana sanye da rigar kamfani mai ruwan toka, amma ranar ta ɓace min ƙwata-ƙwata kuma sunanta ban ma tambaya ba. Ban yarda na ƙirƙiri kwanan wata ba, na rubuta abin da na tabbatar kawai, kuma kuɗin satin nan sai da na mayar, a lokacin da haya ke jirana. Na yi neman da gaske amma ba ni da abin nunawa. Washegari na sayi littafin.

Kar ka yar da littafin idan ka samu aiki. Ana iya waiwayar tsohon sati a bincika bayan ka daina karɓa, Niyu Yok ma cewa take ka ajiye na tsawon shekara ɗaya. Kuma ka sani suna iya kiran kamfanin da ka rubuta su tambaya ko da gaske ka nemi aiki a wurinsu.

Daga nan sai tabbatarwar sati, wato shiga shafinsu ko kiran layinsu ka amsa tambayoyi kafin a saki kuɗi. Wasu jihohin kowane sati ne, Kalifoniya da Teksas duk sati biyu. Ka sa ƙararrawa a waya don idan ka makara kuɗin satin na iya maƙalewa, wani lokaci har sai an sake buɗe maka fayil. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne kullum, ka nemi aiki, kana da lafiya, ka ƙi wani aiki da aka ba ka, ka yi aiki ko ka samu kuɗi a satin, kuma saboda iri ɗaya ne sai hannu ya saba, mutum ya riƙa danna e, e, a'a, a'a ba tare da ya karanta ba. Don Allah ka karanta kowace tambaya kowane sati, amsar nan da kake dannawa daidai take da rantsuwa a gaban hukuma.

Maganar kuɗin da ka samu a gefe ita ce ta fi jefa mutanenmu cikin rami, kuma yawanci ba da niyyar cuta ba. Ka yi Uber kwana biyu, ka kai abinci da DoorDash, wani ya kira ka aikin yini ɗaya ya biya ka a hannu, duk sai ka faɗa. Abu biyu za ka riƙe: ana faɗin kuɗin ne gaba ɗayansa kafin a cire haraji, kuma ana faɗinsa ne a satin da ka yi aikin, ba satin da kuɗin ya shigo asusunka ba. Mutane suna ɓoyewa ne don tsoron za a yanke musu gaba ɗaya, alhali yawancin jihohi ragewa kawai suke yi kuma suna yafe wani kaso. Ɗauki Kalifoniya, tana kau da kai daga dala 25 na farko ko kashi 25 cikin ɗari na abin da ka samu, duk wanda ya fi yawa. A ce haƙƙinka dala 400 ne a sati ka yi ɗan aiki ka samu 200, za a yafe 50 a cire 150, a ba ka 250, ka haɗa da 200 ɗinka ka tashi da 450, ka ga ka fi wanda ya zauna bai yi komai ba kuma hankalinka kwance. Wanda ya ɓoye kuwa, doka ta wajabta wa kamfanoni su kai sunan duk sabon ma'aikaci ga hukuma cikin kwana 20, kuma ana haɗa wannan da bayanan albashi a gwada da sunayen masu karɓar kuɗin rashin aiki, kwamfuta ce ke yi ba mutum ba, ba ta gajiya ba ta mantuwa. Idan aka yanke cewa da gangan ka ɓoye, za ka mayar da kuɗin, a ɗora maka tara aƙalla kashi 15 cikin ɗari, a Kalifoniya ma kashi 30 ne, ana iya kama kuɗin harajin da gwamnati za ta dawo maka da shi, ana iya hana ka wasu satittika nan gaba, in abin ya yi girma har kotu. Ga wanda ke da maganar takardun zama a gabansa kuwa, ba na son ko kusa ya ja wa kansa kalmar zamba a fayil.

Sharaɗin kasancewa a shirye shi ma yana da ƙayoyi. Idan ka kwanta rashin lafiya kwana uku a sati, ka faɗa, wasu jihohin za su rage na kwanakin ne kawai. Idan babu mai riƙe maka yara ko motarka ta lalace har ba za ka iya zuwa aiki ba da an kira ka, a idonsu ba ka shirya ba, don haka 'yar'uwa mai ƙananan yara ki tanadi amsar wa zai riƙe su tun kafin a tambaye ki, kuma amsar ta zama ta gaskiya. Idan takardar izinin aikinka ta kusa ƙarewa ka sabunta da wuri, don wanda ba shi da izinin aiki ba a ɗaukarsa a matsayin wanda ke shirye. Sai babbar, tafiya ƙasar waje. Rasuwa ko biki ko wata lalura za ta iya tasowa dole ka tafi, babu laifi ka tafi, amma satittikan da ba ka nan kar ka nemi kuɗinsu, kuma kar ka kuskura ka ba wani lambar sirrinka ya riƙa danna maka daga nan, kar kuma ka shiga shafin daga can, suna ganin daga inda aka shiga. Niyu Yok ta faɗa ƙarara cewa neman kuɗin daga wajen Amurka da Kanada zamba ne kuma tana toshe fayil ɗin mutum. Ka sanar da su kafin ka tafi, in ka dawo ka sake buɗewa ka ci gaba daga inda ka tsaya.

To idan aka ba ka aiki kuma bai yi maka ba fa? Nan sai a hankali. Ƙin aikin da hukuma ke ganin ya dace da kai yana iya tsayar da kuɗin gaba ɗaya ba na sati ɗaya ba. Wajen auna dacewa suna duba irin aikin da ka saba, albashinka na da, nisan wurin, lafiyarka, da kuma tsawon lokacin da ka yi a zaune, kuma wannan na ƙarshen shi ne mutane ba su sani ba, wato kullum ka ƙara daɗewa ƙofar zaɓi tana ƙara tsukewa. A Teksas sati takwas na farko ana sa ran ka karɓi aikin da ke biyan kashi 90 cikin ɗari na albashinka na da, bayan sati takwas ya sauko kashi 75. Amma kai ma kana da kariya. Dokar tarayya ta ce ba za a hana ka kuɗi ba don ka ƙi gurbin da ya buɗe saboda ma'aikatan wurin suna yajin aiki, ko aikin da albashinsa da awoyinsa suka yi ƙasa sosai da abin da ake biya a yankin kan irin aikin, ko wanda aka gindaya maka sai ka fita daga ƙungiyar ƙwadago. Ta fuskar addini ma akwai tsohon hukunci, a 1963 Kotun Ƙoli ta yanke wa Adell Sherbert, wata ma'aikaciyar masaƙa a Karolina ta Kudu da aka hana kuɗin saboda addininta bai yarda ta yi aiki ranar Asabar ba, kotu ta ce hana ta ya saɓa wa tsarin mulki. Saboda haka idan dalilinka na ibada ne na gaskiya ka faɗe shi a fili yadda yake. Abin da ba zan ba ka shawara ba shi ne ka ƙi aiki sannan ka danna a'a a tambayar ko ka ƙi aiki, don kamfanoni suna da hanyar kai rahoto, wasu jihohin ma har rashin zuwa intabiyu ake kai musu. Ka danna e, ka rubuta a littafinka nawa suka ce za su biya, awa nawa, ina ne wurin, me ya sa ka ƙi, za su kira ka su ji ta bakinka.

Akwatin gidan waya da akwatin saƙo na shafinsu, ka mayar da duba su farilla. Akwai wani shiri da ake kira RESEA, ana zaɓo wasu daga cikin masu karɓa a ce su zo ganawa da jami'i, ido da ido ko ta waya ko ta bidiyo, a duba littafin neman aikinsu a tsara musu yadda za su ci gaba. Ba tuhuma ba ce, wasu ma ta nan suke samun aiki, amma zuwan dole ne, in ka ƙi zuwa ba tare da uzuri ba ana tsayar da kuɗi. Idan ranar ta ci karo da intabiyu ka kira tun kafin ranar a canza maka. Idan ka tashi daga gida ka canza adireshi a shafinsu a ranar, kuma lambar da ba ka sani ba in ta kira ka a wannan lokacin ka ɗauka.

Akwai waɗanda ake ɗauke wa sharaɗin neman aikin, misali wanda kamfaninsa ya sallame shi na ɗan lokaci kuma ya ba shi ranar dawowa, ko ɗan ƙungiyar ƙwadagon da ƙungiyarsa ce ke raba musu aiki, ko wanda ya shiga horon da hukuma ta amince da shi. Kalmar amincewa ita ce mai nauyi a nan. Shiga makaranta da kanka ba tare da ka gaya musu ba yana iya sa a ce ba ka shirya yin aiki ba, amma irin wannan karatun dai in ka bi ta hannunsu aka sa hannu, sai ka yi karatunka kana karɓar kuɗinka. Kuma ko manaja ya ce maka da baki za a dawo da kai, ka ci gaba da nema kana rubutawa har sai hukuma ce ta rubuto cewa an ɗauke maka.

Idan duk da haka wasiƙa ta zo an ce an hana ka wani sati ko an ce ka mayar da kuɗi, kana da damar ɗaukaka ƙara, kuma wa'adin gajere ne, Teksas kwana 14, Filorida kwana 20, Kalifoniya da Niyu Yok kwana 30, kuma yawanci daga ranar da aka aiko wasiƙar ake fara ƙirga ba daga ranar da ka buɗe ta ba. Ba sai ka rubuta dogon bayani ba, layi biyu cewa ba ka yarda da hukuncin ba kana so a saurare ka ya wadatar, ka tura ka ajiye shaidar turawa. Abin da mutane ke yin kuskure a kai shi ne suna daina tabbatarwar sati suna jiran hukunci, a'a, ka ci gaba da tabbatarwa kana neman aiki kana rubutawa ko da ba a biyanka, don in ka yi nasara satittikan da ka tabbatar ne kaɗai za a biya ka. In Turanci na ba ka wahala ka nemi tafinta tun da wuri, kyauta ne, kuma ofisoshin lauyoyin taimakon marasa ƙarfi suna karɓar irin wannan shari'ar ba tare da kuɗi ba. Ranar sauraro ka ɗauki littafinka da hotunan allo da imel ɗin da ka buga a takarda.

Haraji a taƙaice: kuɗin nan gwamnatin tarayya tana karɓar haraji a kansa, farkon shekara za a aiko maka da fom 1099-G mai nuna jimillar abin da ka karɓa, in kana so za ka iya cewa a riƙa cire kashi 10 cikin ɗari tun daga tushe, ni na ga hakan ya fi sauƙi a kan a tara maka bashi zuwa watan Afrilu, lokacin biyan haraji.

In Allah ya sa ka samu aiki, ranar da ka fara zuwa ita ce abin lura ba ranar da albashin farko ya shigo ba. Na san sati biyun nan na jiran albashi suna da wuya, aljihu babu komai ga kuɗin mota, kuma shi ne lokacin da zuciya ke raya wa mutum ya ƙara danna sati ɗaya. Idan ka fara ranar Laraba, ka tabbatar da wannan satin ka faɗi awoyin da ka yi daga Laraba zuwa Asabar da kuɗinsu ko da ba a biya ka ba tukuna, su za su lissafa in akwai ragowar da za su ba ka, daga sati mai zuwa kuma in aikin cikakke ne sai ka daina tabbatarwa. Fayil ɗinka yana nan har shekara ta cika daga ranar da ka buɗe shi, in sabon aikin bai ɗore ba kuma ba laifinka ba ne, za ka iya komawa ka sake buɗewa ka karɓi abin da ya rage.